Gargaɗi ga Mutanen Mubi: Giya Na Cin Hantar 'Ya'yanmu a Ɓoye

Jama'ar Mubi, manya da yara, Musulmi da Kirista, ina kira gare ku da babbar murya a kan wata masifa da ta shigo mana gari ba sallama. Giya ce, musamman barasar nan mai zafi da ake ƙullawa a 'yar ƙaramar leda ko 'yar roba, wadda kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba. Yaran da ke tsotsar ta a yau su ne za su cika gadajen asibiti nan da shekara goma zuwa ashirin, da kumburarren ciki, da shanyayyen ɓarin jiki, da ƙodar da ta daina aiki. Har yanzu da sauran lokacin tare wannan ɓarna, amma lokacin ba shi da yawa.

In aka ambaci illar giya a majalisa, abin da ke zuwa zuciyar kowa shi ne maye: mutum yana tangaɗi a titi, ana dambe a mashaya, direba ya afka rami da fasinjoji, magidanci ya zubar da girmansa gaban 'ya'yansa. Duk wannan gaskiya ne, amma wanda ido ke gani ke nan. Wanda ya fi kisa shi ne wanda ke faruwa a cikin jikin mutumin da ba a taɓa ganin sa ya faɗi a kwata ba, mai zuwa aikinsa kullum, mai ciyar da iyalinsa, wanda kowa ke cewa ai wane ya iya shan sa.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya, kuma miliyan 2 daga cikinsu maza ne. Waɗanda haɗari da faɗa da makamantansu suka kashe sun kai dubu 724. Waɗanda kuwa cututtukan da ba a ɗaukar su daga wani suka kashe, irin su ciwon hanta da na zuciya da ciwon daji, sun kai miliyan 1.6, wato sun ninka na farko har da ɗoriya. A cikinsu ciwon zuciya da na jijiyoyin jini ya ɗauke dubu 474, ciwon daji ya ɗauke dubu 401. Rahoton ya kuma nuna cewa in aka auna da yawan jama'a, Turai da Afirka ne kan gaba a wannan mutuwa.

Abin da ya sa Mubi ta fi bukatar wannan magana

Mubi gari ne na haɗuwa. Ga kasuwar shanu da ke jawo fatake daga Kamaru da Chadi, ga tireloli da ke lodi zuwa kudu, ga hanyar Sahuda da ke fita iyaka. Ga dubban ɗalibai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, yawancinsu karo na farko ke nan da suka bar gaban iyaye. Adamawa kuma ba ta cikin jihohi 12 da suka ƙaddamar da shari'a, don haka giya a fili ake sayar da ita. Mutanenmu sun ga tashin hankali: a watan Oktoban 2014 Boko Haram ta mamaye garin, jama'a suka watsu cikin duwatsu da ƙauyuka, wasu har Kamaru. An dawo, an sake gina kasuwa da gidaje, amma akwai zukatan da ba su dawo daidai ba, akwai waɗanda barci ya ƙaurace musu suka je nemansa a kwalba.

Burkutu ya daɗe a ƙasar nan. A ƙauyukan da ke gindin duwatsun Mandara ana dafa shi da dawa don gayya da biki da zaman makoki, kuma mata da yawa da shi suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Shi ma yana da illarsa, za mu zo kanta. Amma abin da ya sauya lissafi a shekarun nan shi ne barasar leda. Giyar kwalba ƙarfinta kusan kashi 5 ne cikin 100, barasa mai zafi kuwa takan kai kashi 40. Ke nan cokali biyar na cin abinci na irin wannan barasa daidai yake da babbar kwalbar giya guda. Ba ta bukatar mashaya, ba ta bukatar kofi, aljihun wandon ɗan makaranta ya ishe ta.

Ku je tasha da sassafe ku gani. Saurayi ɗan lodi, bai karya kumallo ba, ya miƙa canji a teburin mai kayan tireda, ya karɓi leda, ya ciji kusurwarta, ya matse a baki gaba ɗaya, ya yamutse fuska, ya jefar. Sai ya bi da alewa mai yaji ko ɓarin goro don kashe wari, ya koma ɗaukar buhu. In ka tambaye shi sai ya ce, "Baba, maganin sanyi ne, jiki nake buɗewa." Kafin azahar ya sake, da yamma ya sake. A ganinsa shi ba mashayi ba ne, tunda ko sau ɗaya bai taɓa shiga gidan giya ba.

Hukuma ta san da wannan. A watan Disambar 2018 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya suka ƙulla yarjejeniya da kamfanonin barasa cewa cikin shekara biyar za a daina zuba ta a leda da robobin da ba su kai mililita 200 ba, saboda yadda take faɗawa hannun yara cikin sauƙi. Wa'adin ya cika ranar 31 ga Janairun 2024. Da aka fara aiwatarwa sai kamfanoni da ƙungiyoyin ma'aikata suka fito zanga-zanga, Majalisar Wakilai ta sa baki, aka ɗaga ƙafa. Duk lokacin da aka ɓata ana wannan ja-in-ja, hantar 'ya'yanmu ce ta biya.

Hanta

Kusan duk barasar da mutum ya haɗiya, hanta ce ke aikin narkar da ita, kuma tana da iyakar abin da za ta iya a awa guda. A wajen narkarwar takan mayar da ita wani sinadari mai guba da ake kira asetaldehaid, wanda ke ƙona ƙwayoyin hantar kanta. Da farko kitse ne ke taruwa a cikinta; a wannan mataki in mutum ya daina sha, cikin makonni hanta na iya komawa daidai. In ya ci gaba sai ta kumbura. In ya ƙara ci gaba sai tabo ya maye gurbin naman kirki, ta ƙanƙance, ta yi tauri. Daga nan gyara ya yi wuya ƙwarai. Abin tsoron shi ne hanta ba ta kuka da wuri. Aikin giya a cikinta irin na gara ne a azara: daga waje ɗaki lafiya lau, sai ranar da rufi ya rufto.

A ƙasarmu kuma giya ba ta samun hanta ita kaɗai. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kusan kashi 8 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wato kusan mutum ɗaya cikin 12, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Sai a 2004 aka sa allurar rigakafinta cikin jerin alluran jarirai, don haka akasarin waɗanda aka haifa kafin nan ba su samu ba. Ga kuma gubar aflatoksin da ke fitowa daga funfunar gyaɗa da masarar da aka adana da danshi, kuma mu nan manoman gyaɗa da masara ne. Ƙwayar cuta na cin hanta ta gefe guda, funfuna ta gefe guda, sannan a zuba mata barasa. Wannan haɗuwa ce ke kai magidanci ɗan shekara 35 ko 40 ga ciwon dajin hanta, lokacin da 'ya'yansa ke firamare.

Wanda ya taɓa jinyar mai irin wannan ciwo ba ya mantawa. Hannuwa da ƙafafu sun rame sun zama ƙashi, ciki ya yi tulu yana ƙyalli, cibiya ta turo waje. Farin ido ya koma ruwan ɗorawa, fitsari ya yi ja, jiki na ƙaiƙayi dare da rana. A zuƙe ruwan cikin a asibiti, bayan kwanaki ya sake taruwa. Wata rana sai aman jini, saboda jijiyoyin maƙoshi sun kumbura sun fashe. Daga baya hankali ya fara gushewa, ya kira matarsa da sunan wata. A bakin ƙofa kuma dangi na raɗa: sammu ne, jifa aka yi masa, abokin kasuwarsa ne ya sa masa hannu. A sayar da akuya, a sayar da gona, a kai wa mai magani. Matarsa ta san abin da yake ajiyewa a ƙarƙashin katifa shekara goma sha, amma kunya ta ɗaure mata baki.

Jini, zuciya da ƙoda

Giya na ɗaga hawan jini, kuma gwargwadon yawan sha gwargwadon hawan. Kusan ɗaya cikin uku na manyan Najeriya na da hawan jini, da yawa ba su taɓa aunawa ba. Mai hawan jinin da ke shan giya yana rushe aikin maganin da yake haɗiya. Ƙarshensa jijiya ta fashe ko ta toshe a ƙwaƙwalwa, a wayi gari baki ya karkace, hannu da ƙafa sun mutu, mai ciyar da gida ya koma sai an kwantar an tayar. Shan shekaru kuma kan sa tsokar zuciya ta saki, zuciyar ta buɗe ta kasa harba jini, mutum ya riƙa haki daga ɗaki zuwa zaure. Takan kuma rikita bugun zuciya, jini ya dunƙule ya tafi ƙwaƙwalwa.

Hawan jini da ciwon suga su ne manyan masu kashe ƙoda. Wanda ƙodarsa ta tsaya sai wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako har ƙarshen rayuwa, ko dashe. Ku tambayi duk gidan da ya taɓa yin jigilar majinyaci a hanyar Yola mai kusan kilomita 200, ko zuwa asibitin koyarwa na Maiduguri, ku ji abin da ya rage musu na dukiya. Giya kuma na ƙona gaɓar nan da ke bayan tumbi mai samar da insulin, ta jawo ciwon ciki mai tsanani da ke sokawa har baya, daga bisani ciwon suga. Mai ciwon suga da ke kan magani in ya sha da yunwa, sugansa na iya faɗuwa warwas ya suma, mutane su ɗauka maye ne su bar shi kwance har rai ya yi halinsa.

Ciwon daji

Wannan ne mutane suka fi jahilta. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa giya a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, rukuni ɗaya da taba. Aƙalla iri bakwai aka danganta da ita: na baki, na maƙogwaro, na akwatin murya, na maƙoshin abinci, na hanta, na babban hanji da dubura, da na nono. Gubar asetaldehaid ce ke lalata ƙwayoyin halitta. Wanda ya haɗa giya da sigari, haɗarinsa na dajin baki da maƙogwaro yakan ninka sau da yawa fiye da na mai shan ɗaya. Mata su ji da kyau: ko shan da ake ganin kaɗan ne yana ƙara haɗarin dajin nono, mai juna biyu kuma abin da ta sha yana isa ga ɗan cikinta ya taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada. A watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ƙarara ta bayyana cewa babu wani adadin giya da za a ce ba shi da illa ga lafiya.

Maganganun da ke yaudararmu

"Ai burkutu abinci ne, dawa ce kawai." Dawar da ta yi tsami ta zama barasa, kuma hanta ba ta bambance wadda ta fito daga tukunya da wadda ta fito daga kamfani. Burkutu bai kai barasar leda ƙarfi ba, amma da ƙwarya ake shan sa, ana yini a kai. Wanda aka tace ya zama argi ko ogogoro kuwa ba wanda ya san ƙarfinsa, wani lokaci har da gubar metanol a ciki. A watan Afrilun 2015 irin wannan ta kashe mutum 18 cikin 'yan kwanaki a Ode-Irele ta Jihar Ondo, bayan ta makantar da wasu, a watan Yunin shekarar kuma ta kashe kusan 70 a Jihar Ribas.

"Wannan na magani ne, na basir da ciwon baya da ƙarfin maza." Barasa ce aka jiƙa saiwa a ciki, ɗacin bai rage mata komai ba. Shan giya na shekaru ma shi ke kashe ƙarfin namiji.

"Ni ba na buguwa." Wanda ya daina jin maye jikinsa ne ya saba, shi ya sa yake shan fiye da na kowa. Hantarsa kuwa duk ɗigo tana karɓa.

"Sai ranar Asabar kawai nake sha." Tara shan mako guda a dare ɗaya na iya rikita zuciya nan take, ya kuma tayar da jini.

"Tana sa ni barci, tana kawar mini da tunani." Takan kwantar da mutum da wuri, ta tashe shi tsakar dare, gari ya waye damuwar ta ƙaru. Masu haɗa ta da tiramadol ko kodin na iya yin barcin da numfashi zai tsaya a cikinsa. Masu bin ta da farasitamol da yawa don ciwon kan safe suna ƙara wa hanta wata gubar.

Alamomin da ba a kwana da su

Duk mai shan giya, ko wanda ya taɓa daɗewa yana sha, in ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya nufi asibiti a ranar: idanu sun yi ruwan ɗorawa; ciki ko ƙafafu sun kumbura; aman jini ko baƙin bayan gida; abinci na tsayawa a maƙoshi; dushewar murya ko gyambon baki da ya wuce mako uku; ƙullutu a nono; rama ba dalili; haki in an kwanta; karkacewar baki ko mutuwar hannu ko da na ɗan lokaci ne. Rawar hannu da safe wadda sai an sha take tsayawa alama ce cewa jiki ya riga ya kamu.

A gaban likita a faɗi gaskiya: me ake sha, nawa a rana, shekara nawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina roƙon 'yan uwana Musulmi musamman a kan wannan, domin wanda ke sha a ɓoye shi ya fi kowa jinkirin zuwa asibiti, in ya je ma sai ya rantse bai taɓa ɗanɗanawa ba, likita ya yi ta laluben ciwo a inda ba ya nan. Sirrin majinyaci amana ce a wuyan ma'aikacin lafiya.

Abin yi tun yau

Ɗan'uwa mai sha, ka daina. In ba ka iya yau ba, ka rage yau ka nemi taimako. Jini kan sauka cikin makonni bayan an rage, hanta kuma na farfaɗowa muddin tabo bai cinye ta ba. Amma a kula: wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum kada ya yanke lokaci guda shi kaɗai a ɗaki. Cikin kwana ɗaya zuwa uku yana iya samun jijjiga irin ta farfaɗiya, da gane-gane, da ruɗewar da ke iya kisa. Irin wannan a hannun likita ake yaye shi, kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Maiduguri na karɓar masu fama da shaye-shaye. Iyali kada su ɗaure shi da mari ko su kulle shi.

Kowane baligi a Mubi, mai sha da wanda bai taɓa sha ba, ya je a gwada jininsa don ciwon hanta nau'in B. Wanda ba shi da ita ya yi rigakafi, wanda ke da ita ya haramta wa kansa giya ko ɗigo, ya riƙa ganin likita. A yi wa jariri allurar cikin awa 24 da haihuwa. A auna hawan jini. In ya kai 140 bisa 90 a koma a sake aunawa a nemi shawara. A busar da gyaɗa da masara sosai kafin a zuba a rumbu, a tsince masu funfuna a zubar.

Iyaye, ku duba aljihun 'ya'yanku da bayan ɗakunansu, kuma kada babba ya sake aiken yaro sayen giya. Masu kanti da masu tebur, ku ji tsoron Allah, ku sauke ledojin nan. Ribar da ke cikinsu ba ta kai ran ɗan maƙwabcinku ba. Shugabannin tasha da na kasuwa da ƙungiyoyin direbobi da masu Keke Napep, kuna da ikon hana sayar da ita a harabarku, ku yi amfani da shi. Shugabannin manyan makarantunmu su sa gwajin hanta da na hawan jini cikin abin da ake yi wa sababbin ɗalibai. Iyayenmu mata masu dafa burkutu kuwa a buɗe musu wata hanyar samu, da jari da kasuwa, domin wa'azi kaɗai ba ya biyan kuɗin makaranta.

Malamai a mumbarin Juma'a, da fastocin cocin EYN da sauran coci-coci, kun daɗe kuna faɗin matsayin giya a addini. Ku ƙara da bayanin hanta da jini da ciwon daji, ku gayyato ma'aikatan lafiya su yi wa jama'a magana, kuma wanda ya zo muku da niyyar dainawa ku rufa masa asiri ku raka shi asibiti. Fadar Mai Martaba Sarkin Mubi da hakimai da masu unguwanni, da shugabannin ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da ta Kudu, ku haɗa kai da NAFDAC a hana sayar wa yara barasa a kusa da makarantu da tashoshi, ba sai an jira an gama gardama a Abuja ba.

Kai da ka karanta wannan, akwai wanda ya faɗo maka a rai tun daga farko: ƙane, ko aboki, ko miji, ko ɗa. Kada mako ya fita ba ka zauna da shi ba. Ka yi masa magana cikin mutunci, ba gaban mutane ba, ka gaya masa abin da ke faruwa a cikin jikinsa, sannan ka ce ya tashi ku je a gwada jininsa tare. Allah Ya tsare mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.